Ƙarar tak-tak a injin EOD bayan na canza fulogi da kaina, a taimaka

Abban Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah masu ilimin mota a taimaka min da shawara, tun jiya hankalina bai kwanta ba. Motata Honda Accord ce 2004 wadda ake ce wa EOD, mai silinda huɗu, injin 2.4. Kusan wata biyu ina ganin baƙin mai yana tsattsafowa ta gefen murfin inji na sama, da na zare kwayil ɗaya, abin nan da ke kai wa fulogi wuta, sai na tarar mai ya kwanta a ramin fulogi, to ranar Asabar na ce bari in yi aikin da kaina tunda ina da 'yan sifanu kuma na sha tsayawa ana yi a gabana. Na sayo gaskit ɗin murfin da robobin ramin fulogi, na sayo fulogi huɗu sababbi, na juye baƙin mai na sa sabo da filta. Yoyon kam ya tsaya alhamdulillah. Amma ina tayar da ita sai na ji wata ƙara da ban san ta da ita ba, tak tak tak tak, kamar ana ƙwanƙwasa ƙaramin ƙarfe da ƙusa, in na taka totur ta ƙara sauri in na saki ta lafa. Wutar mai ba ta kama ba, wutar cek ma haka, allurar zafi tana wurinta. Na kai yara Islamiyya na dawo ƙarar tana nan, kamar ma ta ɗan ƙaru. Shekara shida motar nan tana hannuna ban taɓa jin wannan sautin ba. Me na taɓa?

Sarkin Gudu:
Wa alaikumus salam. Malam ba don in tada maka hankali ba amma wannan mital ne, wato faifan ƙarfen da karanshaf, babban sandan ƙasan inji, ke juyawa a kansa, injin ya fara bugawa. Haka tawa ta fara bara, tak tak kaɗan kaɗan, sati biyu sai ga mu muna sauke inji. Ka fara shirin kuɗin karanshaf kawai.

Maman Walid:
Subhanallah. Ni dai abin da zan ce Abban Ilham kar ka ƙara ɗaukar yara a cikinta sai an gano ko mene ne. Gara ta kwana biyu a tsakar gida.

Oga Bakanike:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sarkin Gudu ka yi haƙuri kar mu yi saurin yanke wa injin mutum hukunci, ko jin ƙarar ba mu yi ba. Mital in ya tafi ba tak tak yake cewa ba, ƙara ce mai nauyi daga can ƙasan inji, gum gum kamar ana daka a ɗaki na biyu, kuma ta fi fitowa in inji ya yi zafi mai ya tsinke ko in ka ɗan taka totur ka saki. Sannan mota da take lafiya ranar Juma'a, aka taɓa samanta ranar Asabar, ƙara ta fito ranar Asabar ɗin, ai inda hannu ya taɓa can za a fara dubawa. Abban Ilham amsa min waɗannan. Lita nawa ka zuba kuma wane irin mai? Ka zaro gejin mai ka duba bayan ta huta? Ƙarar da sanyi ta fi ko da zafi? Kuma fulogin nan da me ka ɗaure su, yaya ka ɗaure su?

Abban Ilham:
Na gode Oga. Galan ɗaya na lita 4 na zuba na ƙara kaɗan daga wata kwalba, 5W-20, shi ne a rubuce a kan murfin zuba man. Geji yana daidai kan alamar sama, yau da safe na duba kafin in tayar. Ƙarar kuma da sanyi da zafi duk tana nan. Fulogi da soket 16 na ɗaure, na murɗa da hannu har suka zauna sannan na ɗan ja kaɗan, ban matsa ba saboda an sha gaya min kan silindan alminiyon ne in ka matsa zaren zai cinye.

Direban Dogon Zango:
To ai ga matsalar nan ka faɗa da bakinka, 5W-20 a zafin garin nan? Wannan man kamar ruwa yake, na ƙasar sanyi ne. Mu da muke Kano Legas duk sati 20W-50 muke sawa inji ya yi shiru kamar sabo. Juye shi ka sa mai kauri yanzu za ka ji tak tak ɗin ya ɓace, tafet, ƙarafan da ke danna bawul a saman inji, su ne suke kuka don mai bai riƙe su ba.

Injiniya Zazzau:
Yaya Direba da girmanka amma a nan ban yarda ba. Injin nan samfurin da ake kira K24 ne, kamfanin da ya ƙera shi ne ya rubuta 5W-20 a murfin, kuma a Amurka inda aka fi kawo mana irin motocin nan akwai jihohi kamar Arizona da zafinsu ke wuce digiri 40, da wannan man dai suke tafiya. Inji in ya kai zafin aikinsa yana wajen digiri 90 ne ko a Jos kake ko a Sakkwato, tamostat da lagireto da fanka ne ke riƙe shi a nan. Sannan i-VTEC ɗin motar, wato tsarin da ke sarrafa buɗewar bawul, da giyar da ke juya kamshaf duk da ƙarfin mai suke aiki, ta wasu ƙananan hanyoyi masu 'yar raga, mai kauri da safe yana daɗewa bai isa can sama ba. Kuma tafet ɗin wannan injin ba irin masu shan mai ba ne da za a ce mai bai cika su ba, na noti da sukuru ne da ake saitawa da filageji, siraran ƙarafan nan na auna tazara. Abin da mai kauri yake yi shi ne ya danne sautin, ciwon yana nan a ciki.

Direban Dogon Zango:
Injiniya ku dai kullum littafi. Wanda ya rubuta littafin ya taɓa bin hanyar Mokwa da lodi a watan Afrilu? Inji in ya tsufa ya buɗe, dole sai mai kauri, wannan abu ne da muka gani da idonmu ba karantawa muka yi ba.

Injiniya Zazzau:
Na yarda injin da ya ci ringi yana shan mai ana iya ƙara masa kauri kaɗan, a je 5W-30 ko 10W-30, ban musa wannan ba. Amma Abban Ilham bai ce tana shan mai ba, yoyo ya ce, kuma ya gyara. Abban Ilham da wane mai take tafiya kafin ranar Asabar?

Abban Ilham:
Shi dai wannan 5W-20 ɗin, tun da na saye ta ban taɓa canza mata ba, kuma shiru take.

Oga Bakanike:
To maganar mai ta fita kenan, shekara shida tana shan sa ba ta yi kuka ba. Lita 4.2 ne cin injin nan in an haɗa da filta, ka zuba daidai. Yanzu ga abin da za ka yi ƙanena, bi a hankali kar ka tsallake. Tayar da ita ka bar ta a silo ka buɗe bonet ka tsaya ka saurara tukuna kar ka taɓa komai. Gwada ƙirga tak ɗin. Injin nan a silo yana juyi wajen 750 a minti, kowace silinda kuma sau ɗaya take tashi a juyi biyu, wato abin da ke kan silinda ɗaya tak, ko bawul ko nozul mai fesa fetur ko fulogi, zai buga kamar sau 6 a daƙiƙa, da sauri amma kunne yana iya rarrabewa. In kuwa ƙarar ta yi yawa har ta haɗe kamar keken ɗinki to abu ne da ke kan dukkan silindojin. Bayan haka samo doguwar sukundireba, ɗora bakinta a jikin ƙarfe ka manna mariƙin a ƙashin kunnenka, ka bi murfin sama daga gefen bel zuwa gefen giya, silinda ta ɗaya ita ce ta kusa da bel. Ka taɓa kan kowane nozul ma a gaban injin, ka taɓa jikin altaneta. Amma don Allah cire babbar riga da duk abin da ke lilo, ka kiyayi bel da fanka, fankar nan tana tashi da kanta ba ta sallama.

Ɗan Maraɗi:
Salamu alaikum jama'a. Ni ma abin ya taɓa samu na a wata Toyota, na canza buji da kaina, abin da ku ke ce ma fulogi, ashe wata ƙaramar noti ta faɗa bisa kwanon da ke rufe salansa, tana ta rawa in moto ta tashi. Kwana ukku ina neman ƙara, na kusa in sa a buɗe kulas, wato kan silinda. Malam ka ƙirga notocinka da sifanunka duka, ka haska fitila bayan inji, a wannan motar salansa ta baya take wajen jikin mota ko?

Injiniya Zazzau:
Haka ne Ɗan Maraɗi, a K24 iska ta gaba take shiga salansa ta baya. Kuma a ƙara duba gejin mai ko ya zauna sosai don ta cikin murfin yake bi, da tiyon numfashin da ake cirewa kafin a ɗaga murfin. Su dai sun fi yin huci irin na tsotson iska, ba tak tak ba, amma tunda an buɗe bonet a duba.

Matashi Mai Koyo:
Oga ni tambayata, ba zai yiwu sarƙar taimin ba ce? Na ji ana cewa Honda suna da wannan.

Oga Bakanike:
Sarƙa in ta saki karrrr take yi, kamar an ja sarƙa a kan kwano, daga gefen bel, kuma ta fi yi da safe a daƙiƙa ɗaya biyu na farko kafin mai ya hau. Shi kuma bai kwance komai a wajenta ba, murfi kawai ya ɗaga ya gan ta ya mayar. A ajiye ta a ƙarshen layi.

Abban Ilham:
Na dawo. Na ƙirga notocin murfi guda shida duk suna nan, na kwayil huɗu suna nan, kayan aikina ma cif, na haska bayan inji ban ga komai ba. Ƙarar ana iya rarrabe ta ɗaya ɗaya kamar yadda Oga ya ce. Da sukundireba na ji nozul huɗun duk suna ƙis ƙis iri ɗaya, siriri, altaneta kuma shuuu kawai. Amma da na zo kan murfi wajen kwayil na uku daga gefen bel, wallahi kamar a cikin kaina ake bugawa. Na biyu da na huɗu ana ji amma ba kamar nan ba. Sannan wani abu da ban faɗa ba don ban ɗauke shi komai ba, in na sunkuya wajen ina jin ɗan wari kamar na hayaƙin salansa haɗe da fetur, na zaci man da ya zuba ne yake ƙonewa.

Sarkin Gudu:
To ko kwanrod ɗin ta ukun ne, sandan da ke haɗa fistan da karanshaf? Ku cire wayar kwayil ɗin ku ji, in ƙarar ta ragu shi kenan mital ne.

Oga Bakanike:
Gwajin da ka faɗa gaskiya ne ana yin sa Sarkin Gudu, amma a nan zai iya ruɗar da mu, don abin da nake zargi shi ma in an kashe silindar sautinsa zai ragu. Kuma in za a yi gara a cire wayar nozul, in kwayil ka cire ɗanyen fetur zai riƙa wucewa cikin katalis, wanda ake ce wa indomi, yana ƙona shi. Abban Ilham warin nan shi ne ya gama ba ni amsa. Kashe motar yanzu, kar ka ƙara tayarwa. Bar ta ta huce sarai, awa biyu uku, har ka iya ɗora tafin hannunka a kan silinda ka bar shi, don alminiyon da zafi in ka murɗa fulogi a cikinsa yana iya biyo shi da zaren. In ta huce zare kwayil na uku ka kalli robar bakinsa, ka shinshina, ka haska ramin. Sannan sa soket da doguwar sandarsa kaɗai ba mariƙi, gwada juyawa da yatsu ka gaya min.

Maman Walid:
Allah Ya saka da alheri Oga, ni da ba ni da hannu a gyaran mota ma ina ta bibiya. Allah Ya sa abin ya zo da sauƙi.

Direban Dogon Zango:
Ni dai har yanzu tafet nake gani. Mu ji.

Abban Ilham:
Innalillahi. Oga da yatsu biyu ya juyu, ko ƙarfi ban sa ba. Robar kwayil ɗin ta yi baƙi da ƙunar hayaƙi har bakinta ya ɗan taurare, ramin ma duk baƙin toka, sauran ukun tsaf suke. Na fito da fulogin, zarensa ya yi baƙi har sama, kuma zoben nan na ƙarfe da ke gindinsa yana nan da kumburinsa kamar yadda ya fito daga kwali. Na gwada sauran, na ɗaya da na huɗu sun kama, na biyu shi ma ya ɗan motsa da na sa mariƙi.

Oga Bakanike:
Alhamdulillah, ga ɓarawon nan. Zoben da ka gani an yi shi ne don ya lotse in an ɗaure, shi ke toshe wuta da iskar cikin silinda. Tunda bai lotse ba, duk lokacin da silindar ta tashi sai iska ta tsargo ta gefen zaren da ƙarfi, fulogin kuma yana ɗan girgiza a mazauninsa, shi ne tak tak ɗin da kake ji, kuma shi ya sa ƙarar ke ƙaruwa don kullum ƙara kwancewa yake. Tsoron da ka ji na cinye zare tsoro ne mai kyau, amma sakin fulogi shi ma zaren yake ci. Na ga motar da aka yi ta tafiya da ita haka har fulogin ya harbo waje da kwayil ɗin gaba ɗaya ya tafi da zaren, sai da aka sa masa sabon zare na ƙarfe a ramin. Kai Allah Ya taimake ka tafiyar Islamiyya kawai ka yi.

Yanzu kafin ka mayar, haska ramin ka kalli zaren kan silindan, ka duba zaren fulogin ko akwai burbushin farin ƙarfe a maƙale. In babu, goge ramin da tsumma mai tsabta ka kula kar datti ya faɗa ciki, sannan ka murɗa fulogin da yatsu kaɗai har ƙasa. Ya kamata ya tafi sumul, in ya cije a hanya kar ka tilasta, dawo da shi ka kira mai gyara. In ya zauna, ɗaurin da Honda suka ba injin nan 18 ne a ma'aunin Nm in kana da sifana mai auna ɗauri. In babu, sabon fulogi mai zoben da bai lotse ba ana ƙara masa kamar rabin juyi bayan ya zauna, za ka ji yana tafiya da laushi laushi sannan ya tsaya cak, to nan za ka tsaya. Wanda zobensa ya riga ya lotse kuwa ɗan taɓi kawai yake so, kar ka ba shi rabin juyi, nan ne mutane ke cinye zare.

Injiniya Zazzau:
Ƙari kaɗan a kan maganar Oga. Fulogi ta gindinsa yake sauke zafinsa cikin kan silinda, in bai zauna ba zafin yana taruwa a jikinsa, don haka ka duba farin tangaran ɗin na ukun da kyau ko ya tsage ko bakin ya canza kala, in kana shakka canza shi kawai guda ɗaya ne. Kwayil ɗin ma ka sa masa ido, robar da ta ƙone tana iya fara zubar da wuta nan gaba, in ka ji mota tana rawa a silo ko wutar cek ta kama aka sa kwamfuta ta nuna lambar P0303 to shi ne. In wutar cek ɗin ƙiftawa take yi kar ka ci gaba da tafiya. Kuma ni shawarata ka nemi sifana mai auna ɗaurin nan ko a Ƙofar Ruwa ko Panteka, tunda kana son yin aikinka da kanka, notocin murfin nan ma 12 Nm ne kawai suke so kuma suna saurin karyewa.

Abban Ilham:
Jama'a alhamdulillah! Zaren lafiya lau, babu burbushi, fulogin ya tafi da yatsu har ƙasa. Maƙwabcina yana da sifana mai aunawar ya ara min, na ɗaure duka huɗun a 18, na ukun sai da ya ci kusan rabin juyi kafin ta yi ƙas. Na tayar, tak tak ɗin ya tafi gaba ɗaya, warin ma babu. Wallahi sai da na zauna a bakin ƙofa na yi ajiyar zuciya, jiya ko barcin kirki ban yi ba ina lissafin kuɗin inji ga kuɗin makarantar yara ya ƙarato. Oga Allah Ya jiƙan magabata, Injiniya Allah Ya ƙara basira, duk wanda ya sa baki na gode. Sai dai yanzu da na kasa kunne sosai ina jin wani ɗan ƙis ƙis siriri a sama, ban sani ba ko dama can yana nan ne ban taɓa lura ba.

Sarkin Gudu:
Ma sha Allah, na ji daɗi da ba abin da na zata ba ne. Ka yafe ni na tsorata ka Malam, abin da ya same ni ne har yanzu yake raina.

Direban Dogon Zango:
Barka Abban Ilham. Amma kun ji ko, ƙis ƙis ɗin nan da ya rage ai shi ne tafet ɗin da nake faɗa.

Oga Bakanike:
Wannan kam zai iya yiwuwa Alhaji Direba, ko nozul ne da dama haka suke, ko bawul sun ɗan buɗe don motar ta kai shekara ashirin. Abban Ilham an taɓa saita maka tafet tun da ka saye ta?

Abban Ilham:
Gaskiya ba a taɓa ba Oga.

Oga Bakanike:
To ba na gaggawa ba ne amma ka sa shi a lissafi, kuma wannan kar ka fara shi kai kaɗai, ka je wurin wanda yake da filageji ka tsaya ka gani. Da sanyin inji ake yi, tazarar bawul na shan iska 0.21 zuwa 0.25 na milimita, na fitar hayaƙi 0.28 zuwa 0.32. Kuma kar ka bari a matse maka su don inji ya yi tsit, bawul ɗin da ya matse ba ya kuka amma shi ne yake ƙonewa, musamman na hayaƙin. Gaskit ɗinka sabo ne zai jure a ɗaga murfin sau ɗaya, a dai sake sa ɗan gam a kusurwoyin da murfin sarƙa ya haɗu da kan silinda. Yanzu dai yi tafiyarka ta kwana biyu uku, ran Juma'a da safe kafin ka tayar ka zare kwayil na ukun ka leƙa ramin, in babu sabon baƙi ka turo mana hoto mu gani.

Abban Ilham:
In sha Allah Oga. Robar kwayil ɗin ma gobe zan nemo in canza, ran Juma'a zan turo hoton.